Daga Tuwon Ƙasa Zuwa Tukunyar Gaske

Duk gidan da ke da yaro ɗan shekara biyu ko uku ya san wannan rigimar. Uwa ta ɗauki tsintsiya, shi ma sai ya ɗauka. An zauna wanke-wanke, ya tsuguna ya tsoma hannu cikin kumfa har ya jiƙa gaban rigarsa, in an karɓe kwanon daga hannunsa ya faɗi yana birgima. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya yi masa alkawarin alawa. Wannan yaron ne bayan shekara takwas za a ƙwala wa kira sau uku ya yi kunnen uwar shegu, a na huɗu ya taso yana jan ƙafa yana ƙunƙuni. In namiji ne, ka ba shi wata shekara ashirin, za ka same shi kishingiɗe yana kiran matarsa daga madafi ta miƙo masa butar da ke kusa da ƙafarsa. In mace ce, za ka tarar da ita ƙarfe sha ɗayan dare tana kankare tukunya, ta ce barci ba ya ɗaukarta in ta bar kwanuka a jiƙe.

Me ya faru a tsakani? Iyaye kan ce ƙiwa ce, ko son jiki, ko kuma yaran zamani da wayar hannu. Ƙiwa kam akwai ta, amma ƙiwa ba ta zaɓar jinsi, kuma ba ta bayyana yadda yarinyar da uwarta ta gaji da yi wa faɗa kan shara take komawa mai share tsakar gida sau uku a rana wata guda bayan aurenta. A ganina abu biyu ne ke juya zuciyar mutum game da aikin gida a kowane mataki na rayuwarsa: na wa ne aikin, sannan wane matsayi yake ba mai yinsa a idon mutanen gidan.

Sha'awar ƙaramin yaro ga aiki ba abin Hausawa kaɗai ba ne. A 1982 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Harriet Rheingold, ta sa ido kan yara 'yan wata 18 zuwa 30 yayin da iyayensu ke shara da ninke kaya da shirya teburin abinci, ta ga yawancinsu da kansu suke shiga aikin ba tare da an gayyace su ba. A 2006 Felix Warneken da Michael Tomasello suka yi wani gwaji a Leipzig ta Jamus: babba yana shanya, sai maƙalin kaya ya suɓuce masa, ya miƙa hannu bai kai ba, yaro ɗan wata 18 ya tako ya ɗauko ya ba shi. Bayan shekara biyu suka ƙara wani gwajin da ya fi ba ni mamaki. Yaran da aka riƙa ba wa ɗan abin wasa duk lokacin da suka taimaka, da aka daina ba su sai taimakonsu ya ragu, alhali waɗanda ba a taɓa ba su komai ba suka ci gaba yadda suke. Wato yaro da niyyarsa yake zuwa, abin da yake nema kawai a sa shi cikin masu yi.

Kakanninmu ba su jira Leipzig ba kafin su san haka. Wasan yara a ƙasar Hausa kusan duk kwaikwayon aikin manya ne. Yarinya ta jera duwatsu uku ta ɗora gwangwanin madara, ta kwaɓa ƙasa ta tuƙa tuwo da tsinke, ta tsinko ganye ta yi miya, ta goya 'yar tsana da tsumma tana jijjigawa. Yaro ya ƙera mota da kara, ko a sassaƙa masa 'yar fartanya ya bi bayan ubansa. Wata uwar mai haƙuri, in tana tuƙin tuwo, takan ɗiba wa 'yarta ɗan gari da 'yar ƙaramar tukunya ta hura mata wuta a gefe, abin da ya fito ko gudaji ne a ci a yaba. Amma uwar da rana ta yi mata, ga yara biyar, ga maigida na hanya, abin da ke fita bakinta shi ne, "Bari, bari, za ka ɓata min aiki. Je ka waje ka yi wasa." Ba a ga laifinta ba, wanke-wanke da ɗan shekara uku ninki biyu ne. Sai dai darasin farko ke nan da yaron ya ɗauka: a lokacin da yake so an kore shi. Ranar da za a neme shi, son ya riga ya huce.

Ana nemansa ne wajen shekara shida ko bakwai, kuma daga nan har ya balaga shi ne ƙafar gidan. A gidan gargajiya na cikin birni ko na ƙauye, kafin hantsi yarinya 'yar shekara tara ta share tsakar gida, ta kwashe tokar murhu, ta tattara kwanukan jiya zuwa bakin rariya. A nan za ta tsuguna da soson buhu da toka ko ɗan guntun sabulu, ta fara da kofuna da kwanukan sha, ta bi da na miya masu maiƙo, tukunyar tuwo a ƙarshe, wadda tun dare aka zuba wa ruwa don ƙanzo ya saki. Ruwan ɗauraya in ya yi kauri ba a zubarwa, da shi za a jiƙa wa awaki dusa. Ƙanenta na goye a bayanta ko yana jan zaninta. Wanta ya tafi da jarka bakin famfo, in ya dawo ya kai niƙa, ya sayo kayan miya, ya zubar da shara a juji. Tsakanin wannan da wancan akwai makarantar allo, akwai aike da ba ya ƙarewa: kai wa Gwaggo tuwo, karɓo kuɗin adashi, je ka gaya wa Inna an sa ranar suna.

Wata masaniya Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano a ƙarshen shekarun 1970 tana nazarin aikin yara a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal. Abin da ta fito da shi kowane Bakano ya sani, sai dai ba kowa ya tsaya ya auna nauyinsa ba: matar da ke cikin kulle ba ta iya tafiyar da gida ko sana'a sai da yara. Su ne ke shiga inda namiji baligi ba ya shiga, su fita inda matar aure ba ta fita. Su ne masu kai ƙosai da ƙuli-ƙuli kasuwa su dawo da ciniki, su ne kuma masu kawo labarin gari. Yaron da ke cikin wannan tsari ya san ana bukatarsa da gaske, kuma wannan sani yana da daɗinsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka tashi haka ba sa tuna aiken da ɓacin rai, suna tuna shi a matsayin lokacin da suka san lungu-lungun garinsu, suka koyi lissafin canji, suka koyi gaisuwa da isar da saƙo ba ragi ba ƙari.

Amma akwai wani darasi da ke tafe a ƙarƙashin wannan, wanda ba a furta shi. Aiki a gidan Bahaushe daga sama yake gangarowa, ya tsaya kan wanda ba shi da na ƙasa. Baba ya ce wa babban ɗa a ɗebo ruwa. Babban ɗa ya leƙa ya ce, "Kai Sani, Baba ya ce ka ɗebo ruwa." Sani ya waiwaya ya nemi ƙanensa. Wanda ya rasa wanda zai tura shi ke ɗaukar bokiti, sai fa in shi ne ɗan auta shalelen Inna, wanda doka ba ta hawa kansa. Kunya ce babba ya ɗauki tsintsiya ƙarami na zaune, kuma tarbiyya ce ƙarami ya zabura ya karɓa yana cewa, "Kawo, Yaya." Al'ada ce mai kyau ta fuskar ladabi, ban musa ba. Amma yaro ba wawa ba ne. Yana kallo yana lissafi: wanda ya fi kowa daraja a gidan nan shi ne wanda ba ya taɓa komai, wanda ya fi kowa ƙanƙanta shi ne mai wanke masai. To, girma ke nan shi ne ranar da zan daina.

Makaranta ta zo ta ƙara wa wannan lissafi ƙarfi. Wanda ya makara shi ke tsintar takardu a fili. Wanda ya yi surutu a aji shi ke share ajin. Wanda ya yi babban laifi a ba shi wankin banɗaki ko yankan ciyawa cikin rana. A makarantun kwana kuwa tsarin a fili yake: ɗan aji ɗaya ya ɗebo wa siniya ruwan wanka, ya wanke masa kaya ya goge, ya haɗiye baƙin cikinsa yana ƙirga shekarun da suka rage kafin shi ma ya sami nasa yaron. Mun mai da tsabta bulala, sannan muna mamakin yadda babban mutum ke jefar da ledar ruwa ta tagar mota. Ko sharar ƙarshen wata da aka gada tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin soja a 1984, sai an hana zirga-zirga an baza jami'ai, kuma mafi yawan magidanta barcinsu suke ƙarawa, yara su fita da tsintsiya.

Wannan haɗa aikin hannu da ƙasƙanci yana da tsohon tushe. A ƙarni na 19, a manyan gidaje da rumada, bayi da kuyangi ne ke daka da niƙa da ɗiban ruwa da itace. Turawa sun fara rushe bauta a Arewa da dokar 1901, ba a haramta ta gaba ɗaya ba sai 1936. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin ƙasar Zazzau a wajajen 1949 zuwa 1950, lokacin da matarsa Mary take rubuta tarihin Baba ta Karo daga bakinta, ya lura cewa matan da suka fita daga bauta sun riƙa janye jiki daga noma da shiga daji neman itace, domin zaman gida shi ne alamar 'ya mace mai 'yanci. Bautar ta tafi, ma'aunin ya zauna. Har yau in ana so a nuna mace ta sami gidan hutu cewa ake ko tsinke ba ta ɗagawa, in kuma aiki ya yi wa mutum yawa ya ce, "Ni bawanku ne?"

Daga shekara sha biyu zuwa sha biyar hanya ke rabuwa biyu, kuma a nan ne zancen ya fi nauyi.

Namiji fita yake yi. Ya bar ɗakin uwarsa ya koma shago ko zaure, shigarsa cikin gida ta ragu, shiga gidajen maƙwabta kuwa ta ƙare. In ya tsaya kusa da murhu, uwar da kanta za ta ce, "Tashi ka ba mata wuri, me namiji yake yi a madafi?" Ba wai an sallame shi daga hidima ba ne, gaskiya a faɗe ta. A tsarin gargajiya cefane na namiji ne, haka itace da ruwa a gidan da ake kulle, haka yaɓen katanga da soro kafin damina, da gyaran danga, da jinka, da yasar rijiya, da kula da dabbobi, ga noman gandu. Wanda ya taɓa kwaɓa ƙasar yaɓe da ƙafa cikin zafin bazara ba zai ce mazan dā zaune suke ba. Amma aikin namiji yana da farko yana da ƙarshe, ana ganinsa, ana cewa sannu da ƙoƙari, kuma yawancinsa na shekara-shekara ne. Sannan birni ya cinye kusan dukkansa: siminti ya kashe yaɓe, kwano ya kashe jinka, ɗan ga-ruwa ya ɗauke ruwa, mai gawayi da mai gas sun ɗauke itace. Abin da ya rage wa magidancin birni shi ne ya sa hannu a aljihu. Aikin mace kuwa bai rage ko cokali ba, domin ciki bai daina jin yunwa sau uku a rana ba.

Abin lura shi ne namijin Bahaushe ya iya duk waɗannan ayyuka, kuma yana yin su a bainar jama'a ba kunya, muddin za a biya shi. Mai shayi namiji ne, yana soya ƙwai yana wanke kofuna daga asuba. Mai tsire da mai balangu maza ne. Wanki da guga sana'ar maza ce, haka wankin hula. Kukun gidan Bature da na otal namiji ne. 'Yan ci-rani a Legas ko Fatakwal, su shida a ɗaki ɗaya, da juyi suke dafa shinkafa da wake, kuma babu wanda gemunsa ya zube. Ɗalibi a jami'a da ɗan bautar ƙasa kowa da risho da tukunyarsa. Amma ranar da aka kai masa amarya, hannun ya manta. In ya kuskura aka gan shi yana yanka albasa, sunan da zai sha ya sani: mijin-ta-ce, ko a ce an shanye shi, ko a jefe shi da abin da ya fi haka muni. Kuma sau da yawa ba daga abokansa zagin ke fara fitowa ba, daga uwarsa da 'yan'uwansa mata ne. Ko tashen gwauro da ake yi da azumi, wanda a Kano Nalako ke jagoranta, wani ɓangare na dariyar shi ne ganin ƙato da gemu ba shi da mai dafa masa sahur.

Mutane kan jingina wannan da addini, amma littattafan da ke zaurukanmu ba haka suka nuna ba. A Bukhari an rawaito cewa da aka tambayi Nana A'isha abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa ne har lokacin salla ya yi ya fita. Wasu ruwayoyin sun ambaci ɗinkin tufafinsa da gyaran takalminsa da tatsar akuyarsa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk ɗalibin fiƙihun Malikiyya a ƙasar nan ya bi ta kanta, ta ɗora wa miji mai wadata ya samar wa matarsa mai yi mata hidima. Malaman mazhabar sun ce in babu hali, mace ta yi aikin cikin gida gwargwadon al'adar garinsu, wato al'ada ce ma'aunin, kuma al'ada tana sauyawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga mazan da ke morar matansu da 'ya'yansu mata a girki da wanki suna barin su cikin jahilci. Ana karanta duk wannan a wa'azi, a jinjina kai, a koma gida a tambayi me ya sa abinci bai sauka ba.

Ita kuwa mace ba ta da ƙofar fita. Daidai lokacin da ake sallamar ɗan'uwanta ake ƙara mata. Alƙaluman da UNICEF ta fitar a 2016 sun nuna haka a duniya baki ɗaya: tsakanin shekara 5 zuwa 9 'yan mata sun fi maza ɓata lokaci a aikin gida da kashi 30 cikin ɗari, tsakanin 10 zuwa 14 tazarar ta kai kashi 50. A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 76 cikin ɗari na duk sa'o'in hidimar gida da ba a biya, mata ne ke yin su. A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da wasu na Katsina da Jigawa, inda ba kowace mace ke kulle ba, a kan surfe da daka da bakace da tankaɗe sai a ƙara mata rijiya da itace da gona.

Yadda ake koya mata aikin shi ma abin dubawa ne. Ba a cewa ta iya girki don ta ci mai daɗi. Cewa ake, "Ke, haka za ki je gidan wani ki ja mana zagi?" Gidan wani. Tun tana 'yar shekara goma aikin da take yi atisaye ne na wata jarrabawa da dangin wani mutum da ba ta sani ba za su yi mata. Tsakar gidan da take sharewa ba nata ba ne, an sha gaya mata baƙuwa ce a cikinsa. Don haka budurwar da ke zumɓura baki in an ce ta tuƙa tuwo ba lallai malalaciya ba ce. Ka dube ta ranar da ƙawarta ke aure, yadda take kwana tsaye kan tukwane da jeren ɗaki ba wanda ya roƙe ta. Manomi ya san wannan halin a wajen 'ya'yansa maza: saurayin da ke noman gandu yana duban rana, in ya koma gayaunarsa da yamma sai duhu ya kore shi.

Shi ya sa aure ke juya ta lokaci guda. Kayan ɗakin nata ne, wasu ma da kuɗin tallarta ko adashin uwarta aka tara su shekara da shekaru. Tukunyar tata ce, in ta ƙone ita ta yi asara. Bayan kwanakin amarci, ranar da ta kama girki, kowa a gidan ya san yau ake ɗanɗana tarbiyyar gidansu. Tsabtar ɗakinta da ƙamshin turarenta da ɗanɗanon miyarta sun zama sunanta a unguwa. In akwai kishiya abin ya koma gasa, kowace da ranar girkinta, kowace tana sauraren ko maigida ya suɗe kwano. Akwai alfahari na gaske a ciki, akwai ƙauna, ba kuma zan rage wa matar da ke jin daɗin ganin 'ya'yanta sun ƙoshi komai ba. Amma akwai tsoro, kuma ba ƙarami ba. Kalmar ƙazama tana iya kashe aure. Namiji ƙazami kuwa, matarsa ake zagi.

A wannan matakin ne kuma take gano ɓangaren aikin da yaro ba ya gani. Yaro ya san shara da wanke-wanke. Bai san cewa wani ne ke riƙe da lissafin sauran kwana nawa buhun masara ya ƙare ba, da wanda takalminsa ya tsinke, da ranar rigakafi, da yadda kuɗin cefanen da bai ƙaru ba zai ciyar da bakin da suka ƙaru. Wannan ba a aika yaro ya yi shi, ba a kuma ɗaukar hutu daga gare shi. Mata da yawa sai a nan suke fara kiran iyayensu a waya suna cewa, "Umma, ashe haka kika sha?"

Tsarin dā yana da nasa alkawarin ga mace: ki yi haƙuri, hutu na tafe. 'Ya'ya za su tasa su karɓi tsintsiya, ɗa zai yi aure suruka ta karɓi muciya, ke ki koma kan tabarma ki riƙa ba da umarni. Wani ɓangare na rikicin uwar miji da matar ɗa daga nan yake: tsohuwa ta biya bashinta shekara talatin, ta zo karɓar nata, sai ta tarar matar ɗan tana wani gari, ko tana fita aiki ƙarfe bakwai. Abin dariya kuma, tsohuwar da ta sami hutun ba ta iya zama. Za ka gan ta da faifai a cinya tana tsince wake, tana ɓarar gyaɗa, tana gyara zogale, in jikoki suka ce, "Hajiya ki huta mana," ta ce zama ne ke kawo ciwo. A ƙarshen rayuwa aikin ya koma abin da yake a farkonta, hanyar zama cikin masu amfani. Tsoho kuwa da ya yi ritaya, wanda bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba, in matarsa ta kwanta asibiti ko ta riga shi, 'ya'ya kan rasa yadda za su yi da shi, shawarar da ke biyo baya ita ce a nemo masa mata.

Duk wannan gini a kan abu ɗaya ya tsaya: yalwar ƙananan hannuwa a gida. Su ne kuma suka fara janyewa tun 1976, da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa. Yaron birni na yau yana fita boko da safe, Islamiyya da yamma, wani har da lasin a tsakani, Asabar da Lahadi hadda. Injin niƙa da na markaɗe sun ɗauke turmi da dutse, burtsatse ta rage tafiyar rafi, gas ya rage hura wuta a gidajen masu hali. Amma gidan ya ƙanƙance, babu faccala babu gwaggo babu kaka a tsakar gida, matar gidan kuma malama ce ko ma'aikaciyar jinya ko 'yar kasuwa. Za a zata a nan ne miji da 'ya'ya maza za su matso. A wasu gidajen sun matso, musamman inda Allah bai ba uwa 'ya mace ba, ta koya wa samarinta komai don dole. A mafi yawa kuwa aikin ya ci gaba da gangarawa, ya fita daga dangi ya sauka kan ɗan wani: almajirin da ke wanki da shara don kwanon abinci a wajen uwar ɗakinsa, da 'yar aikin da wata dillaliya ta kawo daga ƙauye, wadda albashinta ke tafiya hannun uwarta don tara kayan ɗaki.

Ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi ya ce yaron da bai kai shekara 15 ba, in aikin gida ya ci masa sa'a 21 ko fiye a mako, ya fita daga taimako ya shiga aikatau mai cutarwa. Sa'a uku ke nan a rana. 'Yar aikin da ke tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa tana cika wannan kafin azahar. Nijeriya na da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, amma doka ba ta leƙa madafi. Abin da ya fi damuna a wannan tsari shi ne yaran gidan da ke kallo. 'Yan mata biyu sa'o'in juna a ƙarƙashin rufi ɗaya, ɗaya na ɗaure takalmin makaranta, ɗaya na wanke kofin da waccan ta sha shayi. A gidan dā ƙarami ya san zai girma ya huta, babba ya san shi ma ya yi. A wannan gidan babu juyi. Ɗan masu gida yana koyon cewa akwai irin mutanen da aka yi don shara, kuma shi ba ya cikinsu.

Sai dai 'yar masu gida ba ta tsira ba, jinkiri kawai ta samu. Jarrabawar gidan wani tana nan tana jiranta, dangin miji ba su rage ko tambaya ɗaya ba don ta yi digiri. Shi ya sa a Kano da Kaduna da Abuja wata sabuwar sana'a ta buɗe: azuzuwan koyon girki da gyaran gida na amare, wasu a zahiri wasu ta WhatsApp da Instagram, inda ake biyan kuɗi mai kauri a koyi tuƙin tuwo da miyar kuka da haɗa turaren wuta cikin 'yan makonni kafin ɗaurin aure. Iyaye mata ne ke biya, da sauri kuma, da zarar an sa rana. Ango a wannan lokacin yana wajen tela da mai fenti.